Daga ɗakin ajiye tsintsiya zuwa cikin aji: tarihin likitocin magana a makarantun Amurka

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurari sautin ba.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata sana'a da yawancinmu ba mu taɓa cin karo da mai yin ta ba. Ina nufin mutumin da aikinsa shi ne taimakon yaron da magana ke ba wuya: mai in'ina, mai tsamin baki, wanda ya kai shekara huɗu bai fara haɗa kalma biyu ba, da wanda kunnensa ƙalau amma in malami ya ce masa ɗauko littafi, buɗe shafi na tara, karanta layin farko, sai ka ga ya tsaya yana zare ido. A nan gida in an tashi ambaton su sai a ce likitan magana, ko da yake ba irin likitan da ke rubuta magani ba ne. Da wannan sunan zan riƙa kiran su don sauƙi.

A Amurka fiye da rabin masu wannan sana'a a makarantu suke aiki. Cikin shekara ɗari da 'yan kai aikin nasu ya sauya kama sau da yawa, har sunan ma ya sauya. Kuma in ka bi sauye-sauyen nan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga tambaya guda ake ta jayayya a kanta: in yaro ya kasa magana yadda makaranta ke so, wa za a gyara, yaron ko makarantar?

Kafin makaranta ta shigo cikin zancen, wuƙa ce a gaba. A 1841 wani likitan fiɗa a Balin ta Jamus, Johann Dieffenbach, ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina, a zamanin da ba a fara amfani da maganin kashe zafi a fiɗa ba. Wasu likitocin Faransa da Ingila suka kwaikwaye shi, aka yi asarar rayuka, in'ina kuma tana nan daram, sai aka watsar. Na kawo wannan ne don ku ga inda tunanin ya faro: an ɗauka matsalar magana a cikin baki take, to a nufi bakin.

Mu tsallaka zuwa Shikago, 1910. Shugabar makarantun birnin a lokacin mace ce, Ella Flagg Young, mace ta farko da ta riƙe makarantun wani babban birni a Amurka. A ƙarƙashinta aka ɗauki malamai goma, sababbin fitowa daga kwalejin horon malamai ta birnin, aka ce su riƙa zagaya makarantu suna duba yara masu matsalar magana. A shekarar ce Ditiroyit ma ta fara nata. Sunan da aka ba su shi ne malaman gyaran magana. Ku riƙe kalmar nan, gyara.

Niyyar tana da kyau, kar a ce na ce. Yara masu in'ina suna maimaita aji, ana yi musu dariya, wasu suna barin makaranta. Amma ku tuna wace Amurka ce wannan. Lokacin ne miliyoyin baƙi daga Italiya da Foland da Rasha ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Niyok, makaranta kuma ita ce injin da aka ɗora wa aikin mayar da 'ya'yansu Amurkawa. Saboda haka a jerin abubuwan da ake kira aibin magana a waɗancan shekaru, tare da in'ina da tsamin baki, za ka tarar da lafazin baƙo. Yaro lafiyarsa lau, yana zuba da harshen uwarsa kamar ruwa, amma tunda Turancinsa na ɗauke da ƙamshin gidansu, sai ya shiga layin masu buƙatar gyara. A Niyok har masu neman aikin koyarwa sai sun ci jarrabawar baka, kuma an yi ta kayar da mutane a kan lafazi kawai.

A 1925 wasu 'yan tsirarun malaman jami'a da na makarantu suka haɗu a Niyok suka kafa ƙungiya. Mutum 25 ne mambobinta na farko. Ita ce yau ake kira ASHA, mai mambobi sama da dubu ɗari biyu. Cibiyar ilimin a lokacin Jami'ar Ayowa ce, inda Lee Edward Travis ke koyarwa. Shi da abokin aikinsa Samuel Orton sun yi hasashen cewa in'ina na tasowa ne idan ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu na jayayya kan wanda zai ja ragama, musamman ga bahagon da aka tilasta wa komawa dama. Har an riƙa ɗaure wa masu in'ina hannun dama don a mayar da su hagu. Hasashen bai tsaya da ƙafarsa ba, an bar shi tuntuni. Don haka mu da muka taso ana buge wa bahago hannu a bakin kwano, kar wani ya ɗauki wannan ya je ya tsare kakarsa.

A Ayowa ɗin dai aka yi abin da ya zame wa sana'ar tabo. Wendell Johnson, wanda shi kansa mai in'ina ne, ya yi imanin cewa manya ne ke jawo wa yaro in'ina, ta hanyar tsorata da 'yan tuntuɓen da kowane yaro ke yi a magana da kuma laƙaba masa suna. A 1939 ɗalibarsa Mary Tudor ta je gidan marayu na garin Davenport ta yi gwaji a kan yara 22. Shida daga cikinsu maganarsu lafiya lau, amma aka yi watanni ana gaya musu cewa in'ina ta fara kama su, su yi hattara, kar su buɗe baki sai sun tabbata za su faɗi daidai. Yaran suka koma masu ɗari-ɗari da magana, wasu suka kusa yin shiru gaba ɗaya. Ba a buga sakamakon a mujallar ilimi ba, yana ajiye a ɗakin karatu har 2001 da wata jaridar Kalifoniya ta tono labarin. Jami'ar ta nemi gafara, a 2007 kuma jihar ta amince ta biya diyyar dala 925,000. Marayu aka zaɓa, ku lura, waɗanda ba su da uban da zai zo ya tambayi me ake yi wa ɗansa.

To yaya aikin yake a makaranta a waɗannan shekarun, daga wajen 1930 zuwa 1960? Malama ce, don mafi yawansu mata ne har gobe, da jaka cike da katunan hotuna da madubi, tana bin makarantu biyar ko shida a mako. Ba ta da ofis. Tsofaffin ma'aikatan suna yawan ba da labarin yadda ake ba su duk lungun da ya samu, bayan dandamalin taro, ko ɗan ɗakin da masu shara ke ajiye tsintsiya da bokiti. Za ta je ƙofar aji ta kira yara uku ko huɗu, ta tafi da su minti ashirin, ta dawo da su. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Charles Van Riper na Mishigan, shi ma mai in'ina, wanda littafinsa na 1939 ya zama jagoran sana'ar shekaru da yawa: a fara horar da kunnen yaro ya bambance sautin, sannan ya furta shi shi kaɗai, sannan cikin gaɓa, cikin kalma, cikin jimla. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka fitar a 1961 ya nuna ma'aikaci guda na riƙe da yara sama da 100, kuma mafi rinjayensu matsalar furucin sauti ce.

Abin tambaya shi ne, ina sauran yaran? Ina wanda ba ya magana sam? Ina wanda aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa, ko wanda jikinsa ya shanye? Amsa: ba sa makarantar. Dokokin jihohi da yawa sun bai wa hukumar makaranta ikon ta ce wannan yaron ba zai koyu ba, a mayar da shi gida. Wato likitar magana ta wancan zamanin tana ta fama da harafin ra da sa na yaran da ke cikin gini, alhali waɗanda suka fi kowa buƙatarta an rufe musu ƙofa tun daga bakin get.

Abu biyu suka karya wannan tsari. Na farko ilimi ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da sojoji masu raunin kai waɗanda bakinsu da harshensu ba abin da ya same su, amma kalma ta ɓace musu. Wannan ya tilasta wa masana su raba magana, wato fitar sauti, da harshe, wato tsarin kalmomi da ma'ana da ke cikin kai. Daga baya ayyukan Noam Chomsky daga 1957, da na Roger Brown wanda ya yi shekaru yana bin yadda ƙananan yara uku ke koyon jimla, suka buɗe fagen nazarin yadda yaro ke mallakar harshe. Sai aka gane akwai yaron da furucinsa tas yake, amma ba ya iya haɗa labari, ba ya kama doguwar jimla, kuma shi ne ake kira daƙiƙi a aji. A 1978 ƙungiyar ta ƙara kalmar harshe a cikin sunanta.

Na biyu, wanda ni a wurina shi ne babba, iyaye ne da kotu. Hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun farare da baƙaƙe ya ba iyayen yara masu buƙata ta musamman makami. Suka ce in ware yaro saboda fatarsa ya saɓa wa tsarin mulki, to ware shi saboda larurarsa fa? A 1971 wata ƙungiyar iyaye ta kai jihar Fensilbaniya ƙara, jihar ta ba da kai. A 1972 aka yi shari'ar Mills a birnin Washinton a madadin yara bakwai da aka hana karatu. Hukumar ilimi ta ce ba ta da kuɗi. Alƙali Joseph Waddy ya ce rashin kuɗi ba hujja ba ce, in kuɗin bai isa ba a raba ƙarancin a kan kowa, ba a jibge shi a kan yara masu larura kaɗai ba. Wallahi duk sanda na ji wani jami'i na cewa babu kasafi, wannan hukuncin nake tunawa.

Daga nan majalisa ta yi dokar 1975, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Nuwamba, yana ƙorafin cewa ta yi alkawarin da ya fi ƙarfin gwamnatin tarayya. A cikin dokar kanta an rubuta cewa yara miliyan guda ne aka hana shiga makarantun gwamnati kwata-kwata. Dokar ta ce kowane yaro mai larura yana da haƙƙin ilimi kyauta wanda ya dace da shi, a kusa da sauran yara gwargwadon iko, kuma a rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, iyaye na zaune a wurin. Taimakon magana da harshe ya shiga jerin abubuwan da dole makaranta ta samar. Dare ɗaya matar nan mai jakar katuna ta tashi daga mai taimako in an ga dama, ta koma wadda doka ke nema. Kuma yaran da ke shigowa yanzu ba masu tsamin baki ba ne kaɗai.

Yanzu bari in koma baya kaɗan, don akwai wani faɗan da ke tafiya a gefe, kuma shi ya fi shafar mu. A babban taron ƙungiyar na 1968 a Denver, shekarar da aka kashe Martin Luther King, wani matashin masani baƙar fata, Orlando Taylor, ya yi muhawara da John Michel kan ko ya kamata ƙungiyar ta sa baki a al'amuran al'umma. Taylor ya ce ba ta da zaɓi, tunda ma'aikatanta na auna yaran baƙaƙe da ma'aunin Turancin farare, suna rubuta musu larurar da ba su da ita. Bayan taron ne baƙaƙen da ke cikin ƙungiyar suka kafa rukuninsu.

Maganar ta kai kotu a garin Ann Arbor na jihar Mishigan. Iyayen wasu yara baƙaƙe daga gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka kai hukumar makarantu ƙara a 1977. Makarantar firamaren da yaran ke zuwa, abin mamaki, sunan Martin Luther King gare ta. Yaran na magana da karin Turancin baƙaƙen Amurka, wanda ke da nahawunsa da ƙa'idojinsa, amma makaranta na kallon sa a matsayin karyayyen Turanci, har an tura wasunsu ajin masu larurar koyo ko na gyaran magana. Masana harshe irin su William Labov da Geneva Smitherman suka ba da shaida. Alƙali Charles Joiner ya yi watsi da yawancin ƙorafe-ƙorafen, amma ya riƙe guda. A 1979 ya yanke cewa rashin la'akari da harshen gidan yaran wajen koya musu karatu shinge ne, ya umarci hukumar ta horar da malamanta. Malamai aka tura horo, ba yara ba. A 1983 ASHA ta fitar da matsaya a rubuce cewa babu wani karin harshe da yake larura. Shekara 73 ke nan bayan malamai goman Shikago.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. Gyaran dokar na 1986 ya sauko da ita zuwa yara 'yan shekara uku, har da jarirai. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, aka sa otizim, wanda wasu ke kira galahanga, a matsayin rukuni mai zaman kansa. Aikin ya koma neman wa yaro hanyar isar da saƙo ko ta halin ƙaƙa, ko da ba da baki ba: allon hotuna, alamun hannu, na'urar da ke furta abin da ya taɓa. Tsarin nan na miƙa hoto don neman abu, a wani shirin yara masu otizim na jihar Delaware aka ƙirƙiro shi a 1985, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara shi, Lori Frost, likitar magana ce. Gyaran 1997 ya ce dole yaro ya samu shiga manhajar da sauran yara ke bi, wanda ya sa aka fara tambayar amfanin fitar da shi daga darasin karatu don a koya masa kalmomin da ba su da alaƙa da darasin. Sai likitar ta fara shiga cikin aji, tana tsara darasi tare da malami. A 2001 ƙungiyar ta ce karatu da rubutu ma suna cikin aikinsu, tunda yaron da bai rarrabe sautukan kalma da kunne ba zai sha wuya wajen haɗa su da haruffa. A 2004 kuma aka ba makarantu damar kashe wani kaso na kuɗin wajen tallafa wa yaro tun kafin a laƙaba masa wata larura.

Ko in'inar ma kallon da ake yi mata ya sauya. Yanzu an san gado na da hannu sosai a ciki, kusan yaro biyar cikin ɗari kan yi ta na wani lokaci, yawancinsu ta wuce, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ya girma da ita. Da yawa daga cikin ma'aikatan yau ba sa auna nasara da cewa in'inar ta ɓace. Suna duba ko yaron na ɗaga hannu a aji, ko 'yan ajin sun koyi jiran sa ya ƙarasa.

Kar ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin ɗalibi don wannan doka, har yau ba ta taɓa cikawa ba. Tun 1988 aka ba makarantu damar karɓar kuɗin wasu ayyukan daga inshorar lafiyar talakawa, abin da ya kawo kuɗi, ya kuma kawo tulin takardu. Ma'aikaci guda yanzu na riƙe da yara wajen 50. Adadin ya ragu, amma a cikin hamsin ɗin akwai wanda ba ya magana, akwai wanda ke ƙwarewa in yana haɗiyar abinci, akwai wanda jiya ya iso ƙasar da harshen da babu mai jin sa a makarantar, ga taron iyaye, ga rahoto. Makarantun karkara na ta neman ma'aikata ba su samu, wasu sun koma ganin yara ta intanet, musamman tun korona. Kuma yaran da aka fi tsallakewa har yanzu su ne masu matsalar harshe da ba ta fitowa a sauti. Wani babban bincike da Bruce Tomblin ya jagoranta a 1997 ya gano kusan kashi 7 cikin ɗari na yaran ajin share fage na da ita, kuma iyayen kashi 29 cikin ɗari ne kawai aka taɓa gaya wa cewa akwai matsala. A aji mai yara talatin, yara biyu ke nan. Ku lissafa da kanku a aji mai yara ɗari.

Wannan ya kawo ni gida, a taƙaice. Mu ma muna da doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, kuma ta tanadi cewa makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da ƙwararren ma'aikaci da zai kula da irin waɗannan ɗalibai. Ƙwararrun magana kuwa 'yan kaɗan ne, galibi a manyan asibitoci da cibiyoyi masu zaman kansu na manyan birane. Amma kun san wanda ya riga su shiga makarantunmu? Malamin koyar da lafazin Turawa. Makarantun kuɗi da yawa na karɓar kuɗinsa daban, aikinsa ya cire wa ɗan Bahaushe fa ya sa masa pa, ya goge duk alamar da za ta nuna daga ina yaron ya fito. Ba ni da ja da koyon Turanci mai kyau, ni ma da shi na yi digiri. Amma wannan aikin Niyok ne na shekara ɗari da suka wuce, muka sayo shi da kuɗinmu. A ajin da ake wannan atisayen, mai in'ina na can kujerar baya ana ce masa mai saurin fushi, ana kwaikwayon sa a lokacin tara kamar yadda ake yi a finafinan barkwanci, yarinyar da ba ta kama umarni kuma na shan bulala a kan taurin kai.

Don haka in kun je taron iyaye da malamai, ko kuna cikin ƙungiyar matasan da ke zama da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ga tambayoyin da ni zan yi. Wa ke duba jin yara kafin a ce ba sa ganewa? In an ce yaro na da matsalar magana, da wane harshe aka gwada shi, da Turanci ko da wanda yake yi da uwarsa? Mai gwajin ya san bambancin Sakkwatanci da Kananci, ko zai rubuta karin harshe a matsayin cuta? Kuma in an gama, wa za a tura horo?

Mu tsaya nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.